A Fara Ƙirga Daga Wurin Mama

Tukuyu, Afrilu 1993

Zuwa ga ƙanena Gwamaka,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka Chanda da yara. Yaya aikin gyaran kan jirgin ƙasa, yaya Zambiya? Mu nan lafiya lau, sai ruwa da ya ƙi ɗaukewa, ko wanki ba ya bushewa. Ƙafata da na ce maka tana damuna ta yi sauƙi. Asibiti kuwa ba a magana, kamar matan Tukuyu sun haɗa baki su haihu a wata ɗaya, ni ce karɓar wannan, ni ce karɓar wancan.

To, ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba. Baba zai yi aure.

Sunanta Mama Lugano, 'yar Kyela ce. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta duk sun yi gidajensu. Shinkafa take nomawa, kuma ita ke ba da waƙa a ƙungiyar matan cocinsu. A taron coci suka haɗu bara. Ni ban ankara ba sai da na ga Baba yana aske gemu kullum, yana sa a goge masa wando har da kari. Ka san tun rasuwar Mama mutumin nan ko madubi ba ya kallo. Yanzu fito yake yi a cikin gonar ayaba, Gwamaka. Fito! Rannan na ji shi, na tsaya bayan ɗakin girki ina dariya, sai kuma na ga ina hawaye.

Ga inda aka samu matsala. Ya ce a Fijonsa zai gangara Kyela ya gaida danginta, don haka sai motar ta yi ƙyalli ciki da waje. Ya wanke jiki, ya wanke kujeru, sannan ya buɗe bonet ya shiga wanke inji. Wayoyin fulogi huɗun nan duk ya zare su, ya wanke da garin sabulu, ya shanya a igiya kamar safa. Na dawo daga aiki na tarar da shi tsaye riƙe da su, yana kallon injin kamar baƙon da ya ɓata a kasuwa.

Na ce, "Baba, wacce daga ina take?"

Ya ce, "Da na sani ai da ba ki same ni a nan ba."

Na ce garin nan cike yake da bakanikai, bari in kira ɗaya. Ya ce a'a. "Tun da Gwamaka ya iya riƙe sifana babu hannun da ya shiga cikinta sai nasa. Rubuta masa." Na ce wasiƙa na daɗewa a hanya. Ya ce shi ba ya sauri, kuma ba zai sa rana ba sai motar ta tashi, don ba zai ɗauko 'yar mutane a bayan a-kori-kura kamar buhun masara ba.

Ƙanena, ni da kai mun san ba lambobi kaɗai yake jira daga wurinka ba. Kunyarka yake ji, shi ya sa ya ɓoye a bayan mota. Ka rubuto yadda wayoyin ke bi, ka kuma rubuto masa magana mai daɗi, ko layi biyu ne.

Ka shafa mini kan yara.

Yayarka,
Tusajigwe


Mpika, Mayu 1993

Yaya Tusajigwe,

Na samu wasiƙarki. Muna lafiya, da fatan ku ma haka.

A murfin distiributa, inda wayoyin ke fitowa, akwai alamar da na yi da ƙusa da kibiya a gefenta. Ramin da ke da alamar shi ne na fulogi na ɗaya. Ku bi kibiyar: 1, 3, 4, 2.

A fara ƙirga daga wurin Mama. Kada a manta da wannan.

Ki gaida Baba.

Gwamaka


Tukuyu, Yuni 1993

Gwamaka,

Ina fatan kuna lafiya. Mu ma da sauran lafiyarmu, in ban da girar Baba, wadda yanzu babu ita, kuma kai za a tambaya.

Da farko, wannan abin da ka aiko ba wasiƙa ba ce. Takardar maganin da likita ke rubutawa ta fi ta fara'a. Wata guda muna zuwa gidan waya, Baba yana tambayar ma'aikacin har mutumin ya fara ɓuya in ya hango shi, sai ga ɗan guntun abu kamar an biya ka kada ka yi magana. Sannan ka rufe da habaici. "A fara ƙirga daga wurin Mama." Na gane sarai. Kana nufin mun manta da ita. Ni da na yi jinyarta har ta cika a hannuna kake wa tuni? Ban nuna wa Baba takardar ba. Na kwafe lambobin a bayan ambulan, na ce masa kana gaishe shi da kyau kana taya shi murna. Ƙarya na yi dominka, Allah ya yafe mana mu biyu.

Ranar Asabar muka yi aikin. Mama Lugano ta hawo daga Kyela da sabuwar shinkafa da kifi, ta ce ita ma sai ta ga tashin motar. Na sami alamarka da kibiyarka. Na tsaya a gaban mota na ƙirga fulogi yadda duk mai hankali zai ƙirga, na kusa da fanka ɗaya, na bayansa biyu, har huɗu. Na jona komai yadda ka ce. Baba ya cire tukunyar iskar da ke kan kafireto, ya ɗiga fetur, ya sunkuya yana leƙe, ya ce in murɗa makulli.

Ta yi ta gurnani ba ta kama ba. Ya ce in ƙara. Na ƙara.

Gwamaka, ƙarar da ta yi, matar maƙwabcinmu ta yar da tulu. Kaji suka haye rufin ɗaki. Wuta ta yi tsalle daga kafireto ta lashe fuskar Baba ta koma. Na fito da gudu ina kiran sunan Allah, na same shi zaune a ƙasa, ba ƙuna ko ɗaya, amma gira ta tafi, goshinsa sumul kamar ƙwai.

Mama Lugano ta riga ni isa. Ta riƙe haɓarsa ta juya fuskar nan dama da hagu, ta ga lafiya yake, sai dariya ta kama ta har ta zauna kusa da shi a cikin laka. Ta ce, "Malam, in don ni ka yi wannan kwalliyar, ai da askin gemun ma ya isa." Ta ɗauko gawayi a murhu za ta zana masa wata, yana ture hannunta yana dariya.

Amma da ta tafi dariyar ta bi ta. Ya rufe bonet, ya lulluɓe motar da tamfol, ya ɗora dutse a kai. Da yamma ya ƙi cin abinci, ga shinkafar Kyela tana ƙamshi. Ya ce mini, "Tusa, motar nan ba ta taɓa yi mini tsawa ba. Ita ta kai uwarku asibiti, ita ta dawo da ni ni kaɗai. Wataƙila ba ta so. Wataƙila yaron ma ba ya so, ke ce kike rufe mini." Ya ce zai aika Kyela a ce a dakata.

Ya daina fito. In abin da kake so ke nan, ka samu. In kuwa ba shi ba ne, ka ɗauki alƙalami ka yi magana kamar ɗan da aka haifa a gidan nan.

Tusajigwe


Mpika, Yuli 1993

Yayata Tusa,

Gaisuwa da ban haƙuri. Muna lafiya, ƙaramar ta yi mura ta warke. Kada ki ga shiru ki ce fushi ne. An tura mu Kasama gyaran wani kan jirgi, na dawo na tarar da wasiƙarki ta daɗe a ƙarƙashin kwanon sukari tana jirana. Chanda ta ce tun daga rubutun bayan ambulan ta san an zage ni a ciki.

Na karanta labarin girar Baba a tsaye, na yi dariya har yara suka taru. Da na kai ƙarshe kuma dariyar ta ɗauke.

Yaya, ba habaici na yi ba! Wurin Mama, wurin Mama nake nufi, kujerar gaba! A irin wannan motar ba daga fanka ake ƙirga ba. Fulogi na ɗaya shi ne na can baya, wanda ya fi kusa da gilashi, daidai inda mai zama a gaba ke miƙe ƙafa. Lokacin da nake koyon taɓa motar ke kina makarantar jinya a Mbeya, shi ya sa ba ki sani ba. Kullum ina rikicewa, ina fara ƙirga daga gaba. Mama kuwa a kujerar nan take zama da ƙofa a buɗe tana ɓarar wake, don ita ke murɗa mana makulli. Rannan ta gaji da ni ta ce, "Kai, ka fara daga wurina mana, ni ce ta ɗaya a gidan nan." Tun daga ranar ban ƙara kuskure ba. Da kin karanta wa Baba layin nan da ya gane nan take. Ku kun juya lissafin, kun aika wuta inda ba a shirya mata ba, ita kuma ta nemi hanyar fita ta sami fuskar Baba.

Amma ba zan yi miki ƙarya ba. Da na rubuta layin na ga yana iya cizo, na bar shi haka. Labarin ya zo mini ba shiri. Na yi ta tunanin wata mace a kujerar nan, ƙafarta a inda ƙafar Mama take. Chanda ce ta ce mini, "Kai kana nan da mata da 'ya'ya kana cin tuwo mai zafi, kana so tsoho ya zauna da kujera?"

Ga yadda za ku yi. Ramin da ke da alama, wayarsa ta tafi fulogin can baya. Bi kibiya: na gaba ya tafi na uku in an ƙirgo daga baya, na gaba ya tafi na kusa da fanka, na ƙarshe ya tafi na biyu. Kafin ku murɗa makulli ki tabbatar da kanki. Kashe mota, cire fulogin baya, toshe ramin da babban yatsa. A sa giya ta huɗu a tura motar a hankali. In kin ji iska ta turo yatsanki, a tsaya, ki ɗaga murfin distiributa. Ɗan hannun da ke juyawa a ciki zai nuna wajen alamata. A mayar da tukunyar iska kafin a tayar, kuma Baba ya tsaya can wajen bishiyar fiya.

Wannan kuma ki karanta masa da ƙarfi, kada ki rage kada ki ƙara:

Baba, ina durƙusawa ina gaishe ka. Motar ba ta ƙi ba, ni ma ban ƙi ba. Ka sa rana. Ba za a ba ni hutu ba sai Disamba, kada ka jira ni, ai ka riga ka jira da yawa. Ka gaida mini Mama Lugano, ka ce na gode da ta duba fuskarka kafin ta yi dariya.

Ƙanenki,
Gwamaka


Tukuyu, Agusta 1993

Ƙanena, ɗan albarka, mai kan kwakwa,

Gaisuwa da murna. Kowa lafiya, girar ma ta fara tsirowa, fara fat, ta fi ta da kyau.

Na karanta masa. Har da layin da na ɓoye na karanta, na ce ga abin da na yi. Da ya ji maganar Mama ta "ni ce ta ɗaya a gidan nan" ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa, ban san kuka yake ko dariya ba, ina jin shi ma bai sani ba. Da ya sauke hular sai ya ce, "Haka ta ce. Da wake a cinyarta." Ya tashi ya ɗauke dutsen daga kan tamfol.

Masu turi ba mu rasa ba, don matan ƙungiyar cocinmu sun zo gwajin waƙa. Ka ga mata shida da zannuwa iri ɗaya sun dafa bayan Fijo, ni na kwanta a kan inji da yatsa a rami, Baba a sitiyari yana ba da umarni kamar shi ya san abin da ake yi. Suna turawa ina jira. Can sai na ji ta, iska ta turo yatsana a hankali, kamar yadda ɗa ke motsi a ciki in na dafa. Na yi ihu a tsaya. Na ɗaga murfi, ga ɗan hannun yana kallon alamarka.

Na jona wayoyi, na kori Baba wajen bishiyar fiya, na murɗa. Bugu ɗaya ta kama. Ba tari, ba rawa, sai wannan muryar tata da ka sani. Matan nan suka saki guɗa suka kama waƙa suna zagaya mota, Baba yana tsakiya yana taka rawar da ban taɓa sanin ya iya ba.

An ɗaura aure a Kyela ranar Asabar da ta wuce ta sama. Zafi kamar a tukunya, mutane har bakin hanya. An ci shinkafa da kifi da ayaba da nama, an sha kindirmo. Ni na tuƙa su zuwa gida, motar ta haye tudun nan duka ba ta yi nishi ba. Kujerarka a coci mun bar ta, Baba ya ɗora hularsa a kai.

Abu ɗaya na lura. Ranar biki amarya a baya ta zauna, wannan ba komai. Amma har yau a baya take zama. Baba ya yi magana, ta ce nan ya fi mata iska.

Yanzu ga dalilin da na ba mai duba tikitin jirgi wannan takarda a Mbeya maimakon gidan waya. Za su taho wurinka! A mota! Ashe tsohon nan ya gama takardun ƙetare iyaka a ɓoye. Na ce, "Baba, ka san nisan Mpika kuwa?" Ya ce, "Yaro ya ce ba shi da hutu, ni kuwa hutu ne da ni har ya yi mini yawa." Na juya wurin Mama Lugano ko za ta hana shi, sai na ga ta riga ta ɗaure ayaba a kan mota. Jibi za su tashi, za su kwana a Tunduma wurin ɗanta. Ka gyara ɗaki. In sun iso ka rubuto nan da nan, don ba zan yi barcin kirki ba sai na ji.

Yayarka,
Tusa


Mpika, Agusta 1993

Yaya Tusa,

Gaisuwa. Kwantar da hankalinki, sun iso lafiya, su da ayaba da shinkafa da wata kaza da ba ki ambata ba.

Ina wurin aiki da rana aka ce ana nemana a ƙofa. Tun kafin in fita na ji ta. Cikin duk ƙarar ƙarafan nan na ji muryar injin, na ajiye sifana. Aikinki ya yi kyau, Yaya, ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. In kin gaji da karɓar haihuwa akwai gurbi a wurinmu.

Baba ya fito ya yi ja da ƙura, yana tafiya kamar wanda ya ci yaƙi. Na durƙusa na gaishe shi, ya ɗago ni, ya nuna goshinsa ya ce, "Ka ga aikinka?" Sannan ƙofar baya ta buɗe ta fito. Na shirya maganganu tun da na sami takardarki, duk suka gudu. Na durƙusa. Ta ce, "Tashi, ɗana, kada ka ɓata wandon aiki. Kai ne mai gajeriyar wasiƙa?" Na ce ni ne. Ta ce, "Ta biyun ta biya bashin ta farko." Chanda da ita kuwa kafin yamma sun zama kamar uwa da 'ya, suna ɗakin girki suna gardamar yadda ake dafa ganyen rogo, rabi da baki rabi da hannu, don ba sa jin yaren juna sosai. Yara sun manne mata, ƙaramar a bayanta ta yi barci.

Ranar Lahadi za mu coci, Baba ya ba ni makulli ya ce in tuƙa. Na ga ta nufi ƙofar baya. Na sha gabanta na buɗe ta gaba, na riƙe. Na ce, "Mama, nan ne wurinki." Kalmar ta fito da kanta, ban tura ta ba. Baba ya juya yana kallon wata bishiya kamar bai taɓa ganin bishiya ba.

Ta daɗe tana kallon kujerar. Ta dafa hannuna ta ce, "Na gode, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Zan zauna, tunda kai ka buɗe. Amma in gaya maka gaskiya, ba wannan nake ta kallo ba tun daga Tukuyu." Ta miƙa hannu ta nuna sitiyari. "Waccan nake so. Babanka in ya ga rami sai ya nufe shi kamar ɗan'uwansa ne."

Baba ya ce, "Kai, ji mata! Ramukan ne suka yi yawa!"

Ta ce, "Malam, har wanda ke gefen hanya ka sauka ka gaisar."

Don haka kullum in na tashi aiki muna filin ƙwallon ma'aikata. Ranar farko ta kashe mota har na daina ƙirgawa, ta kuma kusa kwashe turken raga. Yanzu tana sa giya ta uku, tana waƙa tana tuƙi, Baba a baya da jikoki yana ihun "Birki! Birki!" ba mai sauraronsa. Ƙafarta ta fi tasa sanin kuloci, amma kada ki ce na faɗa.

Za su taso ƙarshen wata. Ta ce da an koma za ta nemi lasisi a Mbeya, kuma ke za ki raka ta. Kafin nan ki gaya wa maƙwabta su ɗaure awakinsu, ki kuma sa a faɗaɗa ƙofar gida, don kwana ce har yanzu ba ta gama koya ba.

Chanda da yara suna gaishe ki. Sai mun zo a Disamba, in Allah ya kai mu.

Ƙanenki mai doguwar wasiƙa,
Gwamaka